Fitilar Hilux ɗina ba ta haska hanya da dare: in sa ƙwan LED ko mai wat 100?

Manomin Suru ya rubuta:

Assalamu alaikum, jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar wutar mota, domin na gaji da kashe kuɗi a kan abin da ban fahimta ba.

Ina da a-kori-kura ƙirar Toyota Hilux ta 2008, wadda na saya a hannu shekara huɗu da suka wuce, kuma da ita nake ɗauko shanshera daga gonakinmu na fadama a wajen Suru zuwa Birnin Kebbi, wani lokaci kuma in wuce da ita har Jega. Yanayin aikin bai bar mini zaɓi game da tafiyar dare ba, saboda kafin a gama awo, a ɗinke buhuna, a yi lodi, an riga an yi magariba, wata rana ma har isha'i. Tun shigowar hunturun bana na lura cewa fitilun gaba sun koma kamar aci-balbal. Idan na sa dim, abin da nake gani bai taka kara ya karya ba, idan kuma na sa ful alhali motar tana ɗauke da kaya, sai hasken ya tashi sama yana haska rassan itatuwa, ya bar mini kwalta cikin duhu. Abin mamaki shi ne, duk da wannan rauni nata, masu zuwa daga gaba suna ta ƙyafta mini fitila kamar ni ne nake kashe musu ido.

Makon jiya, tsakanin Bunza da Kalgo, saura ƙiris in afka wa amalanken shanu da ke tafe a gefen titi babu ko ƙyalle mai sheƙi a baya. Allah ne kawai ya tsare, domin sai da na ga ƙahon sa kafin na taka burki.

Washegari na shiga wani shagon kayan gyara, yaron shagon ya jera mini ƙwai iri uku a kan teburi. Na farko irin na cikin motar ne, amma mai wat 100/90 maimakon 60/55. Na biyu LED ne mai 'yar fanka a gindi, an rubuta lumen 20,000, wato ma'aunin ƙarfin haske, a jikin kwalinsa. Na uku kuwa shi ne wanda suke kira zenon, mai zuwa da wani ƙaramin akwati. Kowanne ya rantse mini cewa zai mayar da dare rana, ni kuma na tuna cewa a bara ma haka aka ce mini game da wani ƙwai mai shuɗin gilashi, wanda bai cika wata biyu ba ya ƙone.

Don Allah wanne ne ya fi dacewa da irin wannan mota da irin wannan hanya tamu, kuma akwai wanda zai iya lalata mini wayarin ko batir?

Mai Wayarin na Jega ya amsa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara tsarewa, ya kuma sa albarka a noman. Na haura shekara 20 ina aikin wutar mota a nan Jega, kuma shawarata ta farko ita ce ka mayar da kuɗinka aljihu, kada ka sayi ko ɗaya daga cikin ukun nan sai an auna wutar da take isa bakin ƙwan da ke cikin motar yanzu.

Motarka tana amfani da ƙwai mai lamba H4, mai ƙafa uku da zare biyu a cikinsa, ɗaya na ful mai wat 60, ɗaya na dim mai wat 55. A ƙa'idar da ake ƙera shi a kanta, idan ya samu wuta bolt 13.2, zaren ful yana ba da haske lumen 1,650, na dim kuma 1,000. Abin da yawancin masu mota ba su sani ba shi ne, ƙwan halojin, wato irin wannan mai zare, ba ya yafe ƙarancin wuta ko kaɗan, domin idan wutar ta ragu da kashi 5 cikin 100, hasken yakan ragu da kusan kashi 15, idan kuwa ta ragu da kashi 10, to kusan kashi 30 na hasken ya tafi ke nan. Mota mai shekaru irin na taka, wadda ta sha ƙurar rani da laɓon fadama, wutarta sai ta bi ta fiyus, ta ratsa siraran wayoyi, ta bi ta makunnin da ke jikin sitiyari da mahaɗai masu tsatsa kafin ta gama zagayenta, kuma a kowace mahaɗa sai an yage mata wani abu, kamar dai buhun da ya bi ta shingaye da yawa kafin ya isa kasuwa. Sabon ƙwai, komai tsadarsa, wannan ragowar wutar zai tarar.

Awon ba shi da wahala, kuma duk mai wayarin da ke da mitar awon wuta zai iya yi maka shi cikin minti biyar. A tayar da inji, a kunna fitila, a auna bakin batir, inda ya kamata a ga tsakanin bolt 13.8 da 14.4 idan altaneta tana caji yadda ya dace. Daga nan a auna a bayan soket ɗin ƙwan, tsakanin ƙafafun da suke aiki, ba tare da an cire ƙwan ba, domin idan aka cire shi mitar za ta nuna cikakkiyar wuta ta yaudare ku. Idan bambancin awon biyu ya wuce rabin bolt, to ciwon yana cikin waya. Idan kuma tun a bakin batir ɗin wutar ba ta kai ba, sai a fara da altaneta da bel ɗinta, a ajiye maganar fitila tukuna.

Maganin da nake yi wa irin waɗannan motoci shi ne rile guda biyu, wato ƙananan makunnai da wuta ke kunnawa, ɗaya na dim ɗaya na ful, da waya mai kaurin milimita 2.5 da za ta taso kai tsaye daga batir, a sa mata fiyus na amfiya 15 ko 20 dab da kan batir ɗin, sannan kowace fitila a ba ta tata wayar at mai kauri, wato wadda ke mayar da wuta ta jikin mota, a ɗaure a jikin bodi inda aka kankare fenti da tsatsa. Da wannan tsari, tsohuwar wayar motar ba ta ƙara ɗaukar nauyi, aikinta kawai ta taɓa rile ya buɗe ƙofa. Sai dai a gargaɗi wanda zai yi aikin cewa motocin Toyota da yawa suna yanke wutar fitila ne ta ɓangaren at, wato ƙafar da ake zato ta at ce a soket ɗin ita ce mai ɗauke da wuta, kuma wanda ya haɗa rile da ka ba tare da ya auna ba zai wuni yana canza fiyus. Akwai kuma gaskiyar da ba zan ɓoye maka ba: ƙwan da ya samu cikakkiyar wuta ya fi haske, amma ya fi saurin mutuwa, domin ƙarin kashi 5 a kan wutar da aka ƙera shi da ita yakan rage kwanansa da kusan rabi. Saboda haka ka riƙa ajiye guda ɗaya sabo a cikin mota.

Game da mai wat 100 kuwa, ina roƙonka ka bar shi a shagon. Ƙwai mai wat 60 yana jan amfiya 5, mai wat 100 kuma yana jan sama da 8, kuma zafin da ke taruwa a cikin waya ba ya ƙaruwa daidai da ƙarin wutar, ninkawa yake yi, ta yadda wannan ƙari zai sa zafin ya kusa ninka uku a wayar da tun farko ba a yi ta don haka ba. Soket ɗin roba ne yake fara narkewa, sai makunnin sitiyari ya biyo baya, sannan kwanon fitilar na ciki, wanda shi ma roba ne da aka shafa wa siririn aluminiyam, ya dushe daga sama inda zafin ke taruwa. Na sha cire soket da ya zama kamar ƙonannen ƙosai daga motocin da aka yi wa wannan gata. Shi kuwa mai shuɗin gilashin da ka saya bara, launin da ke jikinsa tare wani ɓangare na hasken yake yi don abin da ya rage ya yi kama da fari, kuma don a cike giɓin sai a matsa wa zaren, shi ya sa ba ya daɗewa.

Abu na ƙarshe da zan ce a yanzu shi ne ka je ka dubi fuskar fitilun da rana. Ba gilashi ba ne, roba ce mai tauri, kuma rana irin tamu tana cinye rufin da kamfani ya yi mata har ta koma ruwan ɗorawa, ta yi dishi-dishi kamar idon da ya yi yana. Ana goge ta da sanfefa mai laushi da ruwa, a fara da lamba 800, a bi da 1500, a ƙare da 2000 ko 3000, a yi mata folish, sannan dole a fesa mata fenti garai-garai marar launi mai kare ta daga rana, in ba haka ba cikin 'yan watanni za ta koma gidan jiya. Amma kada a bari wani ya zura tsumma ya goge kwanon ciki, domin shafin da ke jikinsa ko yatsa yana iya ɗebe shi.

Ɗan Kasuwar Kamba ya amsa:

Ina gaida Alhaji, ina kuma gaida Malam mai wayarin, wanda bayaninsa ya ƙarar da ni ƙwarai. Sai dai da izininsa zan ɗan saɓa masa, domin na ga ya yi dogon bayani a kan halojin, ya tsallake LED kamar ba a ambace shi ba, alhali shi ne abin da yawancinmu muke sawa a yau.

Ni ma Hilux gare ni, kuma hanyar Kamba zuwa Bunza nake bi kusan kowane mako da kaya. Shekara biyu ke nan da na koma LED, kuma ban yi nadama ba. Kowane ƙwai yana jan abin da bai kai rabin na halojin ba, saboda haka matsalar siraran wayoyi da Malam ya bayyana ba ta dame shi sosai, batir ma ya samu sauƙi idan na tsaya ana sauke kaya da fitila a kunne. Haskensa fari ne tas, irin wanda ake rubuta wa 6000K a kwali, kuma da shi ina hango idon dabba da allon hanya da 'yan kabu-kabun da ba su da fitilar baya tun daga nesa. A cikin shekara biyun nan ban canza ƙwai ba, alhali a da kusan kowace damina sai na saya.

Zan yarda cewa na farkon da na saya asara ce, domin araha na bi, kuma araha ba ta ado. Ƙwayoyin haskensa manya ne, an manna su ta fuska huɗu a jikin wani ƙarfe mai kauri, kuma da na kunna shi sai ya haska ko'ina, har saman rumfunan bakin hanya, ban da gabana. Wanda nake amfani da shi yanzu yana da ƙwayoyi ƙanana a fuska biyu kacal a jikin siririn allo, an jera su daidai inda zaren halojin yake zama, har da 'yar garkuwar da ke ƙarƙashin na dim. Wajen ɗaurawa kuma dole ƙwayoyin su kalli hagu da dama, wato inda ƙarfe 3 da ƙarfe 9 suke a fuskar agogo, domin idan suka kalli sama da ƙasa hasken ya watse ke nan. Shi kuwa lumen 20,000 da Alhaji ya gani a kwali, kada ya ɗauke shi da muhimmanci, domin ƙwan da ke cin wat 25 ko 30 abin da zai iya bayarwa bai wuce dubu biyu zuwa uku ba, sauran duk kirarin kasuwa ne.

Saboda haka ni shawarata, Alhaji ya nemi LED mai kyau ya huta da maganar rile da ƙarin wayoyi.

Tsohon Direban Yauri ya amsa:

Salamu alaikum. Ni ba masanin waya ba ne, direba ne da ya yi shekara 34 yana jan babbar mota a hanyar Sakkwato zuwa Kwantagora, ta Jega da Koko da Yauri, kafin ido da gwiwa su ce in zauna. Na karanta amsoshin biyu, kuma na ga dukkanku kun bar abin da Alhaji ya faɗa da bakinsa, cewa haskensa yana tafiya saman itatuwa, kuma masu zuwa suna ƙyafta masa fitila. Fitilar da ba ta da ƙarfi amma take kashe wa na gaba ido, ai ba ta kallon inda ya kamata ne.

A-kori-kura ba kamar ƙaramar mota ba ce. Idan aka ɗora mata buhunan shanshera, bayanta yakan zauna a kan sifirin, hancinta ya ɗaga, fitilun kuma su ɗaga tare da shi, kuma idan sifirin ya riga ya gaji abin ya fi muni. Ɗagawar da ido ba zai ma lura da ita ba a tsaye, idan aka kai mita 50 ta isa ta ɗauke hasken daga kwalta ta zuba shi a fuskar mai zuwa. Gyaran kuwa ba ya cin ko sisi. A sami fili mai daidai da bango, a tsayar da motar mita 10 daga bangon, da iskar tayoyi daidai, da irin kayan da ta saba ɗauka. A auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, a ja layi da gawayi a bangon a wannan tsayi, sannan a kunna dim. Iyakar hasken ta sama ya kamata ta sauka santimita 10 zuwa 15 ƙasa da layin, kuma akwai sukurori a bayan kowace fitila da ake juyawa har a samu haka. A rufe fitila ɗaya da buhu yayin da ake saita ɗayar.

Yayin da kake gaban bangon nan, Alhaji, ka lura da siffar hasken. Tun ranar 2 ga Afrilu, 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, saboda haka fitilar da ta dace da mu haskenta yakan kwanta a miƙe ta hagu, inda masu zuwa suke, ya ɗan haura ta dama don ya haska gefen titi, inda masu tafiya a ƙasa da amalanke suke. Fitilar da aka ciro daga motar ƙasashen da ke tuƙi a hagu, irin su Japan da Ingila da Tailan, ta hagu take haurawa, wato kai tsaye cikin idon mai zuwa, kuma irinsu suna shigowa cikin kayan gwanjo. A kan fuskar fitilar, kusa da harafin E da ke cikin da'ira, idan ka ga kibiya mai kai ɗaya, to ta masu tuƙin hagu ce. Wadda ba ta da kibiya ita ce tamu, mai kai biyu kuma tana yin duka.

Kai kuma ɗana na Kamba, ban musa cewa kana gani da kyau ba, amma ka taɓa tsayawa a gaban motarka daga nesa ka durƙusa daidai tsayin mai ƙaramar mota ko mai babur? Mu da muka manyanta, idan farin hasken nan ya doke mu, sai mun yi daƙiƙoƙi muna tuƙi a makance bayan an wuce, kuma motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Wanda ka makantar ɗin nan, kai yake tunkarowa. Sannan ga hazo. A watannin hunturu, idan ƙura ta sauka a hanyar Koko, haske mai tsananin fari yakan dawo wa direba a ido kamar an shanya masa farin zane a gaba, alhali mai ɗan ja-ja ya fi daɗin kallo a irin wannan yanayi. Faransa ma ta yi shekaru fiye da 50 tana tilasta wa motocinta fitila mai ruwan ɗorawa, sai a 1993 ta janye dokar. A daren hazo, dim da rage gudu su ne suka kawo ni gida shekara da shekaru.

Mai Wayarin na Jega ya sake amsawa:

Baba ya yi gaskiya, kuma na karɓi gyara, domin saiti ya kamata in fara ambata tun kafin mita.

Ƙanena na Kamba, ban tsallake LED don ƙiyayya ba, ni ma ina ɗaura shi idan mai mota ya nace. Abin da ya sa ba na fara ba da shawararsa shi ne, kwanon fitilar Hilux irin ta Alhaji an lissafa lanƙwasarsa ne a kan siririn zare mai 'yan milimitoci, wanda yake zaune a wuri ɗaya tak yana fitar da haske ta kowace fuska. LED kuwa ta fuska biyu yake fitarwa, da kaurin allo a tsakaninsu, saboda haka ko mai kyau ne sai an gwada shi a bango kafin a san ko ya dace da wannan kwano. Shi ya sa a Jamus ba a fara halatta sa irin wannan ƙwai a fitilar halojin ba sai a 2020, kuma ko a lokacin ga jerin motocin da aka gwada shi a cikinsu kawai. Idan naka ya ba da iyaka mai kaifi a bango kamar yadda Baba ya kwatanta, to ka dace, ka riƙe shi. Matsala ta biyu ita ce fankar. LED ba ya son zafi, kuma fankar da ke sanyaya shi tana shaƙar ƙurar hanyar gona, idan ta tsaya sai hasken ya ragu ko ƙwan ya mutu. Wasu kuma sukan yar da robar da ke rufe bayan fitila don gindin ƙwan ya samu wuri, daga nan ƙura da ruwa su shiga kwanon su gama da shi.

Zenon kuwa kada ma a fara. Yana ba da haske wajen lumen 3,200, wato ninki uku na dim ɗin halojin, akwatin nasa kuma yana harba wuta sama da bolt 20,000 wajen tayar da shi, kuma an yi shi ne don fitila mai ƙwayar gilashi a ciki wadda take yanke hasken. A cikin buɗaɗɗen kwano irin na wannan mota, azaba ce kawai ga jama'a.

Idan Alhaji ya gama gyara yana son ƙari, akwai halojin H4 na wat 60/55 da aka inganta, irin su Osram Night Breaker da Philips RacingVision, waɗanda suke tura haske nesa ba tare da ƙarin wat ba, sai dai kwanansu bai kai na gama-gari ba, kuma a kula da jabu. A sauya biyun tare, kada kuma a taɓa gilashin ƙwan da yatsa, domin maiƙon hannu yana sa wurin ya yi zafi fiye da kima har ya kumbura.

Manomin Suru ya dawo:

Jama'a, Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa Baba lafiya. Na bi shawarwarin bi da bi, ga kuma abin da muka tarar.

Mai wayarin ɗina ya auna bakin batir ya samu bolt 14.0, ya auna bakin ƙwai ya samu 12.2, wanda bisa lissafin Malam yake nufin fiye da kashi ɗaya cikin uku na hasken yana salwanta a hanya. Soket ɗin dama ya riga ya fara narkewa, ƙafarsa ɗaya ta yi baƙi, mun sauya biyun da na tangaran. Bayan an sa rile biyu da sabuwar waya, awon ya koma 13.7. Mun goge fuskar fitilun, muka sa halojin 60/55 na gama-gari, sannan da daddare muka je bangon wani sito da buhu goma a bayan motar. A nan na ji kunya, domin iyakar hasken dim ta haura layin gawayin da kusan taƙi guda, ashe duk wannan lokaci masu ƙyafta mini fitila suna da gaskiya. Bayan saiti na bi hanyar Kalgo sau uku da dare, ina ganin gefen titi da ramuka tun da sauran tazarar taka burki, kuma babu wanda ya ƙyafta mini ko sau ɗaya.

Maganar kibiya ma ta tabbata. Fitilar hagu tana da ita, ta dama ba ta da ita, da alama wanda ya sayar mini da motar ya taɓa sauya ta bayan wani karo. A yanzu mun ɗan ƙara sunkuyar da ita kafin in samu wadda ta dace. Ɗan'uwa na Kamba, ban rufe ƙofar LED ba, idan na sauya fitilar zan ari naka mu gwada a bangon nan mu gani.

Saura abu ɗaya. Tun da aka sa rile, shuɗiyar alamar ful da ke dashbod ta daina kamawa, ko da yake ful ɗin kansa yana aiki lafiya. Wani abu muka ɓata ne?

Mai Wayarin na Jega ya amsa:

Ba ku ɓata komai ba, Alhaji. A irin wannan wayarin na Toyota, alamar tana samun wutarta ne ta cikin zaren dim, kuma tun da yanzu tsohuwar wayar ba ta ganin zaren, sai rile kawai, wutar da ke isa gare ta ba ta kai ta kunna ta ba. Ka ce wa mai wayarin ɗinka ya je tsohon soket ɗin da aka bari babu komai, ya haɗa ƙaramin ƙwai irin na fakin tsakanin ƙafar da ke kawo wuta da ƙafar dim, ya naɗe shi da kyau, ya ɗaure shi nesa da roba saboda zafi, sannan ya kunna ful ya duba dashbod.